Saukar baƙo a cikin kwamfuta

Akwai wata magana da duk mai koyon rubuta manhaja yake furtawa, ko ba daɗe ko ba jima: "Ai a tawa kwamfutar tana aiki." Yakan faɗa wa malamin da ke duba aikinsa na kammala karatu, ko mai shagon da ya biya shi don ya rubuta masa manhajar lissafin kaya. Sau da yawa kuma gaskiya yake faɗa. Sai dai gaskiya ce da ba ta amfanar kowa, domin mai shago manhaja ya saya, kuma a tasa na'urar yake son ta yi aiki, ko da ba irin ta marubucin ba ce.

Tushen matsalar shi ne kwamfutoci ba al'ada ɗaya suke bi ba. Kowace tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kuma uku ne suka mamaye duniya: Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta Apple, da Linux wadda wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. A nan wajenmu, kwamfutar da ɗalibi zai saya a kasuwa kusan koyaushe da Windows take zuwa. Amma manyan na'urorin da ke ɗauke da shafukan intanet akasarinsu Linux suke amfani da ita, kuma tun daga watan Nuwamban 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk a kanta suke. Wayar Android da ke aljihun mai karatu ma a kan ginshiƙin Linux aka gina ta. Saboda haka wanda ya zauna a Windows yana rubuta shafin da za a ɗora a kan Linux, tamkar tela ne da ke yanka yadi bai taɓa ganin mai rigar ba.

Lokacin da karatuna ya kai wannan gaɓa, kwamfuta ɗaya gare ni, 'yar gwanjo, mai ram giga 8. Kuɗinta ma sai da aka yi karo-karo a gida, Yaya ne ya cika ragowar. A cikinta akwai darussana, da hotunan iyali, da takardun makarantar ƙanwata. Sayen ta biyu ba ya cikin lissafi. Abokai sun ba ni shawarar in raba rumbun ajiyarta gida biyu, Windows a ɗaya, Linux a ɗaya, in zaɓi wadda nake so duk lokacin da na kunna. Hanya ce mai kyau ga wanda hannunsa ya faɗa, amma ga sabon shiga kuskuren danna maɓalli ɗaya wajen rabon rumbun ya isa ya shafe komai. Wanda yake da kwamfutoci uku zai iya yi wa wannan tsoro dariya. Wanda kwamfutarsa ita ce kaɗai a gidansu ya san ba abin dariya ba ne, kuma na ga ɗalibai da dama da tsoron lalata na'ura ya hana su taɓa Linux har suka gama makaranta.

Hanya ta uku ita ce na bi, wato abin da masana ke kira bacuwal mashin. Wata manhaja ce ake girkawa a cikin Windows, ita kuma sai ta ƙago kwamfuta sukutum ta ƙarya, mai nata ram, da nata rumbu, da nata allo, da tata hanyar intanet. A cikin wannan kwamfutar ƙarya ake girka Linux, ita kuwa Linux ba ta san cewa a cikin wata take zaune ba. Masu fasahar sun raɗa wa ɓangarorin biyu sunayen da Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayaninsu: ta asalin ita ce mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa. Mai masauki ke ware ɗaki, ta ba da abinci daidai ƙarfinta, baƙuwa kuma ba ta shiga cikin gida sai ta ƙofar da aka buɗe mata. Duk abin da ta mallaka fayil ne guda babba a cikin wata folda. In ta lalace, a goge foldar, gida na nan yadda yake.

Dabarar ta girmi yawancin masu amfani da ita. Tun shekarun 1960 kamfanin IBM ya fara raba manyan kwamfutocinsa ta wannan hanya, har ya fitar da VM/370 a 1972, domin a lokacin na'ura ɗaya ce ake yi wa layi. Kamfanin VMware ya kawo ta kan ƙananan kwamfutoci a 1999. VirtualBox, wadda na yi amfani da ita, wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ne ya sake ta kyauta a 2007, Sun ya saye shi a 2008, Oracle kuma ya saye Sun a 2010. Abin da ake kira gajimare a yau, inda kamfanoni ke hayar kwamfuta da awa, mafi yawansa irin waɗannan baƙin ne jibge a cikin manyan na'urori. Wanda ya koyi saukar baƙuwa ɗaya a kan teburinsa, ya fara fahimtar yadda wancan ke aiki.

Kafin a sauke komai, akwai abin dubawa. Tun 2005 da 2006 Intel da AMD suka sanya wa ƙwaƙwalwar kwamfutocinsu wata baiwa ta musamman don wannan aiki, Intel na kiran tasa VT-x, AMD kuma AMD-V. A kwamfutoci da yawa, musamman tsofaffi, a kashe take zuwa. In mutum ya buɗe Task Manager ya duba shafin ƙwaƙwalwar, zai ga an rubuta ko a kunne take ko a kashe. In a kashe take, sai a sake kunna kwamfutar, a danna F2 ko F10 ko Del, ya danganta da ƙirarta, a shiga saitin bayos a kunna ta. Allon bayos yana da ban tsoro ga wanda bai saba ba. Layi ɗaya ake nema, a canza shi, a adana, a fita, kada a taɓa sauran.

Daga nan sai batun data, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika ambata ba. VirtualBox kanta ba ta da nauyi. Fayil ɗin girka Linux ne matsalar. Ubuntu, nau'in Linux ɗin da aka fi ba sabon shiga shawara a kai, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, fitowarta ta 24.04 ta kusa giga 6. Lambar nan shekara ce da wata, wato Afrilun 2024, kuma duk bayan shekara biyu a watan Afrilu ake fitar da wadda za a ci gaba da kula da ita shekara biyar. Ita ya kamata a nema. 'Yar'uwarta Lubuntu kusan rabin wannan nauyi ce, ga ta da sauƙin ci. Abin daɗin shi ne lasisin Linux ya halatta kwafa da rabawa, don haka mutum ɗaya a aji ya sauke, saura su karɓa a filashi, babu sata a ciki. Amma fayil ɗin da ya bi ta hannu goma, ko wanda intanet ya yanke ana tsakiyar sauke shi, yana iya samun naƙasa. Masu Ubuntu suna wallafa wata doguwar lambar tantancewa, SHA256, ga kowane fayil. Umarnin Get-FileHash a PowerShell zai fitar da lambar naka, ka gwama su. In sun saɓa ko da harafi ɗaya ne, kada ka ɓata darenka a kansa.

Rabon ram shi ne inda karamci ke iya zama illa. Duk abin da aka ba baƙuwa, daga bakin mai masauki aka cire shi. A kwamfuta mai giga 8 na ba Lubuntu giga 3, na bar wa Windows 5, suka zauna lafiya. VirtualBox ma tana nuna sikeli mai launin kore da ja, kuma wanda ya ja shi ya shiga ja zai ga dukkansu biyun sun daskare, linzami ya ƙi motsi, fanka na ta kuka. Haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, in huɗu ne a ba ta biyu. Rumbu kuwa giga 25 ne mafi ƙarancin abin da Ubuntu ke nema, kuma gara a zaɓi irin wanda ke girma a hankali gwargwadon abin da aka zuba masa. Bambanci mafi girma da na gani bai zo daga ram ba. Ya zo ne ranar da na cire tsohon rumbu mai juyawa na sa SSD, baƙuwar da kan ɗauki lokacin shan shayi kafin ta farka ta koma tashi kafin in gyara zama.

Girkawar kanta ba ta da wani labari. Ana tambayar harshe, da yankin lokaci, da suna, da kalmar sirri. Wuri ɗaya ne ke sa gaba faɗuwa, inda za a tambaya ko a shafe rumbu gaba ɗaya a girka Linux. Rumbun ƙaryar nan ake nufi, wanda babu komai a cikinsa, ba na gaske ba. Bayan an gama sai a ƙara wani ɗan kunshi da ake kira Guest Additions, wanda ke sa allo ya cika taga, a kuma iya kwafo rubutu daga gida zuwa ɗakin baƙi.

Abin da ya fi komai daraja a wurina shi ne ɗaukar hoton yanayi. VirtualBox na iya riƙe halin da baƙuwa take ciki a wani lokaci, da duk fayilolinta da saitinta, ta yadda ko me ya faru daga baya za a iya komar da ita daidai wurin cikin daƙiƙoƙi. Da na gama girkawa na ɗauki hoto na farko, na sa masa suna "sabuwa fil". Daga ranar yadda nake koyo ya canza. Na riƙa buga umarnin da ake gargaɗi a kansu da gangan, don in ga abin da suke yi. Na cire ginshiƙan manhajoji na ga allo ya koma baƙi. Na canza izinin fayiloli har na kulle kaina a waje, sa'an nan na koma hotona kamar ba a yi ba. Yaron da ake duka in ya fasa ƙwarya ba ya koyon ɗaukar ta da kyau, gudunta yake koya. Yawancinmu haka muka taso da kwamfuta, a ɗakin gwaji na makaranta inda dokar farko ita ce kada ka taɓa. A nan kuwa ga ƙwaryar da za ka fasa sau ɗari ta dawo. Sai dai a sani, hoton yanayi a kan rumbu ɗaya yake zaune da baƙuwar, in rumbun ya mutu tare za su tafi. Aikin da ake ji da shi a ajiye kwafinsa a wani wuri. Haka kuma ɗaukewar wuta, in batirin kwamfuta ya gaji, tana kashe mai masauki da baƙuwa lokaci guda, kuma fayil ɗin rumbun na iya lalacewa in ana tsakiyar rubutu a kansa. Na saba, da na ga batiri ya yi ƙasa, in adana yanayin baƙuwar in rufe ta kafin komai.

To, me ake gani in an kai aiki ɗakin baƙi? Gwano ba ya jin warin jikinsa. Akwai ɗabi'un Windows da mai amfani da ita ya ɗauka dokar kwamfuta ce, alhali al'adar gida ɗaya ce kawai. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, a wurinta Tambari.png da tambari.png abu ɗaya ne. A Linux fayiloli biyu ne daban. Wannan kaɗai ya isa ya sa shafin da ke da kyau a kwamfutar ɗalibi ya fito babu hoto ko ɗaya ranar da aka ɗora shi a intanet. Windows na raba sunayen folda da sandar da ta karkata baya, gadon da ta ci daga MS-DOS ta 1983, Linux da macOS kuwa da mai karkata gaba. Hatta ƙarshen layi ba a yarda a kansa ba. Windows na sanya alamomi biyu da ido ba ya gani, ɗaya ta komawa farkon layi, ɗaya ta sauka ƙasa, kamar yadda ake yi a tsohuwar tafireta, Linux kuwa ɗaya take sawa. Fayil ɗin umarni da aka rubuta a Windows kan ƙi tashi a Linux saboda wannan ɓoyayyiyar alama guda, mutum ya yi ta duban rubutunsa bai ga aibu ba.

A nan akwai wani tarko. VirtualBox na ba da damar buɗe folda ɗaya da gida da baƙuwa za su riƙa gani tare, kuma tana da amfani wajen miƙa fayil. Amma foldar a kan rumbun Windows take, dokokin Windows take bi, don haka matsalar babban baƙi da ƙarami ba za ta bayyana a cikinta ba. Wanda ya gwada aikinsa a nan ya yi gwajin banza. A kwashe aikin a kai shi cikin rumbun baƙuwar kanta, mafi kyau ta hanyar Git, yadda za a yi in za a ɗora shi a kan na'urar gaske.

Bambancin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ya shafi harshenmu. Na rubuta wata 'yar manhaja da Python mai adana sunayen ɗalibai da garuruwansu a fayil, na sa mata sunaye irin su Ɗanladi da Ƙanƙara don gwaji. A Linux ta yi aiki sumul. Na dawo da ita Windows, ko harafi ban canza ba, ta tsaya cak a kan ƙ ta farko. Na ɗauko fayil ɗin da Linux ta rubuta na ce ta karanta, sai "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗalibi" ya koma "É—alibi". Dalili kuwa, in ba a faɗa wa Python tsarin da za ta bi ba, tana bin na gidan da ta sami kanta. A Linux tsarin shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, mai ɗaukar haruffan harsunan duniya. A Windows ta Ingilishi kuwa tsoho ne mai suna Windows-1252, wanda gurabensa ba su wuce 256 ba, an cika su da haruffan Yammacin Turai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Maganin bai kai rabin layi ba, a rubuta wa manhajar ƙarara cewa UTF-8 za ta bi duk inda ta je. Amma sai wanda ya ga cutar ke neman magani. Abin da na fi gani a wajen matasanmu shi ne, da haruffan suka fara rikicewa sai su yanke lanƙwasar gaba ɗaya, su ce kwamfuta ba ta jin Hausa. Ta haka ƙura ke zama kura, ɓari ya zama bari, sunan mutum ya shiga rajista a gurguje ya zauna haka har abada. Kwamfuta na ɗaukar haruffanmu sarai. Marubucin manhajar ne bai taɓa fita daga gida ɗaya ba, balle ya san inda ake tuntuɓe.

Ba kowace ƙofa wannan hanya ke buɗewa ba. Lasisin macOS ya taƙaita amfani da ita ga na'urorin Apple, kuma Xcode, wadda sai da ita ake haɗa manhajar iPhone, a kan macOS kaɗai take aiki. Intanet cike yake da bidiyon yadda ake cusa macOS cikin VirtualBox, ni dai ban ga hikimar gina sana'a a kan abin da ya saɓa lasisi, ga wahala, ga rashin tabbas ba. Wanda aikinsa ya kai nan ya ari Mac ko ya yi hayarta ta intanet na 'yan awoyi. Tun 2020 kuma Apple ya koma ƙwaƙwalwa ƙirar ARM, don haka mai sabuwar Mac sai ya nemi Linux ɗin da aka gina wa ARM.

Wasu za su ce duk wannan wahalar ta zama tarihi, tunda Microsoft da kansa ya sanya Linux a cikin Windows. Gaskiya ne, WSL ta fito a 2016, ta biyunta kuma ta iso ga jama'a a 2020, kuma ita ma wata ƙaramar baƙuwa ce da aka ɓoye wa mai amfani ɗawainiyarta. Ta fi sauƙi, ta fi saurin tashi, ni ma da ita nake yawancin aikin yau da kullum. Akwai kuma Docker, tun 2013, mai naɗe manhaja da duk kayan da take buƙata a ƙunshi guda. Duk da haka ra'ayina shi ne sabon shiga ya fara da cikakkiyar baƙuwa. A can ne zai girka babbar manhaja da hannunsa daga farko, ya ga yadda ake raba rumbu, ya saita hanyar sadarwa, ya lalata ya gyara. WSL ta ɗauke masa waɗannan duka, alhali su ne darasin. Wanda zai haɗa biyun ya lura da abu ɗaya: in WSL ta biyu na kunne, VirtualBox kan koma bin bayan Hyper-V na Microsoft, tafiyarta ta yi nauyi, har takan nuna hoton wani ɗan koren kunkuru a ƙasan taga. Duk wanda ya zaɓi wannan alama ya san aikinsa.

Saura mai ram giga 4, kuma su ne da yawa a cikin ɗalibanmu. Kada ya nemi Ubuntu mai tagogi da hotuna, ba za ta zauna ba. Ya sauke Ubuntu Server ko Debian ba tare da tagogi ba, ya ba ta giga 1 ko ɗaya da rabi. Abin da zai samu baƙin allo ne da wurin buga umarni, kuma haka ainihin na'urorin da ke ɗauke da shafukan intanet suke, babu linzami, babu hoto. Zai rubuta aikinsa a Windows, ya tura shi can, ya buɗe wata ƙofa a saitin sadarwar VirtualBox, ya ga shafinsa a burauzar gida alhali daga Linux yake fitowa. In kuma ya tara 'yan kuɗi, ƙarin ram ya fi sabuwar kwamfuta araha nesa ba kusa ba. Ya dai sa mai gyara ya buɗe bayanta ya duba tukuna, domin wasu ƙananan kwamfutocin an liƙe ram ɗinsu a jikin allo, babu gurbin ƙari.